Ba hannunki ba ne, ɗakin ne babu rana

Wata ƙanwarmu ce ta turo wannan daga Jidda, na ɗan rage shi saboda tsawo:

"Assalamu alaikum Anti. Aure ne ya kawo ni Jidda daga Kano, muna zaune a shagga (fulat) hawa na biyu, tagar falo da ta ɗaki duk manwar suke kallo, wannan ramin da ake bari a tsakiyar gini, rana bata shigo mana ko kaɗan, ta kicin ce kawai take kallon titi ita ma ƙarama ce. Ni kuma da shuka na taso, Ummanmu tana da lalle da zogale da na'a-na'a a tsakar gida. Maigidan tun safe yake fita sai dare, daga ni sai yarinyata mai rarrafe, kewa tana damuna. Na je mashtal (wurin sayar da shuke-shuke) na sayo ful (furen yasmin) da wardi da raihan (irin ɗaɗɗoya), safe da yamma ina basu ruwa har Zamzam na taɓa zuba musu, amma sai ganyen yayi rawaya ya zube su mutu. Yanzu yace ɓarnar kuɗi nake yi, Hajiyarsa kuma tace dama wasu hannunsu baya karɓar shuka, wai kuma shuka a ɗaki tana shanye wa mutum iska da dare. Anti da gaske hannuna ne? In haƙura?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, hannunki lafiyarsa ƙalau. Ko Umman taki aka ɗauko daga Kano aka ajiye ta a wannan falon aka miƙa mata ful da wardi da raihan, wallahi haka zasu mutu a hannunta, don duka ukun 'yan rana ne, suna son rana ta doke su kai tsaye kamar awa 6 a yini. Wardin da ake ji da shi a ƙasar nan a gonakin Ɗa'ifa ake noma shi a fili a kan duwatsu, ful ɗin da ake yi wa amare ado da shi kuma a Jizan yake cikin rana tsagwaronta. Mai mashtal ba zai tsaya tambayarki ina tagarki take kallo ba, ya ga kina sha'awar fure ya baki fure ya karɓi riyal ɗinsa, shikenan.

Amma abinda ya ƙarasa su da wuri shine ruwan nan na safe da yamma, kuma nan nake so ki tsaya ki gane sosai don duk sauran maganar a kansa take. Shuka da haske take haɗa abincinta a cikin ganye, in haske yayi yawa tana aiki da yawa tana shan ruwa da yawa, in haske yayi kaɗan sai ta rage komai har da shan ruwan. A tsakar gidanku na Kano ki zuba ruwa da safe kafin la'asar rana da iska sun busar da ƙasar, shi yasa abinda Umma take yi daidai ne a can. A falonki kuwa babu rana, mukayyif, wato AC, yana aiki ɗaki yayi sanyi, ruwan jiya yana nan bai tafi ko'ina ba kika ƙara na yau, to saiwa ma numfashi take yi, tana buƙatar iskar da ke tsakanin ƙasa, in ruwa ya cike gurbin sai ta shaƙe ta fara ruɓewa. Abin haushin kuma in saiwa ta ruɓe bata iya jan ruwa, sai ganye yayi yaushi ya langaɓe kamar mai jin ƙishi, ke kuma ki gani tausayi ya kama ki ki ƙara ruwa. Kamar yi wa yaro ɗura ne bayan ya ƙoshi. Zamzam ɗinki ki dinga sha ke da yarinya, shukar ba shi ta rasa ba.

Ga kuma ƙasar da suke zuwa da ita daga mashtal, wannan baƙar mai laushi da suke kira bitmos, riƙe ruwa ne aikinta. Sannan ki ɗaga tukunyar ki duba ƙasanta, da yawa daga masu kyan nan na ado basu da huji ko ɗaya, wasu kuma ta roba mai huji ce aka zura cikin ta ado ruwa ya taru a ƙasa yana wari ba'a sani ba.

To kafin ki sake sayen ko ganye ɗaya, ki fara sanin hasken da kike da shi, don idonmu yana yaudararmu, shi yana sabawa da duhu sai ki ga kamar ɗaki da haske alhali a wurin shuka dare ne. Da azahar ki kashe duk fitilun gidan ki ɗage labule, ki ajiye farar takarda a inda kike so shukar ta zauna, ki ɗaga hannunki sama da ita kamar kamu ɗaya da rabi. In inuwar ta fito har kina ƙirga yatsu, wurin yana da haske mai kyau. In ta fito dishi-dishi, masu jure duhu zasu zauna. In babu inuwa kwata-kwata to babu shukar da zata rayu a nan sai da fitila, ko wa ya gaya miki akasin haka. Akwai kuma manhajojin auna haske a waya, basu cika daidai ba amma zasu baki kimanin abin, da lux suke aunawa. Tsakar rana a waje yana kaiwa lux 100,000, ofis mai fitilu yana tsakanin 300 da 500, su kuma waɗannan da ake cewa masu jure duhu daga wajen 300 zuwa 1,000 suke lallaɓawa. Ba zan yi mamaki ba in kika auna tsakiyar falonki kika ga bai kai 100 ba. Ki zagaya da wayar ko'ina, zaki ga yadda lambar take faɗuwa daga kin ja baya taku biyu daga taga, shi yasa kusurwar nan ta bayan kujera da kowa yake so ya ƙawata ita ce mafi muni.

Ni ina zargin tagar kicin ɗin nan da kika raina ita ce dukiyarki. Ki lura da ina take kallo. A Jidda alƙibla gabas take, to in tagar tana ɓangaren alƙibla rana ta safe zata samu, mai sauƙi, ita ce ma wadda aka fi so. In yamma take kallo ki yi hattara da ranar la'asar ta lokacin zafi, tana ƙona ganye ta cikin gilashi, sai ki sa labule mara kauri. Kawai dai kar ki ajiye dab da murhu.

Sai waɗanda zaki nema. Ta farko wallahi 'yar gida ce, kin san moda, mai dogayen ganye masu kauri a tsaye da zane-zane, wadda take fitowa a gindin bishiyoyi a can gida? To 'yar uwarta ce ake sayarwa a nan, asalinta ma daga yankinmu ne, Najeriya har zuwa Kongo, in kin je mashtal kice jildin namir zasu gane. Tana ajiye ruwa a ganyenta, a ɗaki irin naki sai ta yi sati uku ko wata bata nemi ruwa ba, kuma kusan hanya ɗaya ce ake kashe ta, yawan ruwa. Ta biyu zamiya, mai ganye kore shar yana sheƙi har mutane suna taɓawa su ji ko roba ce. Ita daga gabashin Afirka take, Kenya zuwa Afirka ta Kudu, tana da wasu ƙullutu a cikin ƙasa masu kama da dankali inda take tara ruwa. Bata da saurin girma, sai ta yi watanni shiru sannan rana ɗaya ki ga sabon reshe ya ɓullo a naɗe, kar ki ce ta mutu. Ta uku botos, mai yaɗo, ita ce zata fi faranta miki rai don ana ganin girmanta, kuma tana faɗa miki in tana jin ƙishi, ganyen ya ɗan sunkuya ki bata ruwa kafin dare ya miƙe. Ki zaɓi kore zalla, masu ɗigon fari ko rawaya sun fi son haske, a duhu zanen ma ɓacewa yake yi. Akwai aglonima ita ma tana jurewa, amma bata son sanyin mukayyif yana bugunta. Duk abinda kika ga yana da fure mai launi, ko kaktus da 'yan ƙananan nan masu kitse da ake jerawa a kan tebur, ki wuce su, na rana ne. Haka dogon nan mai ganye yalo-yalo da ja.

Kuma ki sani jurewa suke yi, ba wai son duhun suke ba. In kin ga botos tana miƙa dogon kara tsakanin ganye da ganye yayi nisa sabbin ganyen suna fitowa ƙanana, haske take nema, ki matsar da ita.

Maganar maigida kuwa, ni dai ba zan ga laifinsa sosai ba, mutum yana fita tun safe a ƙasar mutane ya ga ana sayen abu yana mutuwa ana sake saye, dole yayi magana. Kar ki tsaya musu da shi kuma kar ki nemi kuɗin shuka yanzu. Botos ba sai an saya ba. Ki duba cikin imararku, wato ginin da kuke zaune, ko cikin 'yan uwa Hausawa da kuke haɗuwa wurin suna ko walima, da wuya a rasa mai ita, ki roƙi reshe ɗaya mai ganye uku ko huɗu. Abinda zaki kula da shi shine gaɓa, wurin da ganye ya haɗu da kara, zaki ga wani ɗan ƙullutu ruwan ƙasa a wurin, daga nan saiwa take fitowa, ganye kaɗai babu gaɓa ba zai yi komai ba. Ki cire ganyen ƙasa, ki tsoma gaɓar a kwalbar ruwa mai haske ki ajiye a tagar kicin, ki dinga canja ruwan duk sati, cikin sati biyu zuwa huɗu zaki ga farar saiwa ta fara leƙowa. In ta kai tsawon ɗan yatsa ki dasa, in kin so ma ki barta a ruwan tana rayuwa haka. Ko halala baki kashe ba, in ya ga abu yana yaɗo a kan taga da kansa zai daina maganar, wataƙila ma shi zai kai ki mashtal. Kuma gaskiya ina so ki ƙwanƙwasa ƙofar wata maƙwabciya ko ba don reshen ba, don na karanta saƙonki na ga rabin abinda ke damunki ba shuka bane, zaman kaɗaici ne daga ke sai jaririya a ɗakin da rana bata shiga, wannan ko ke kanki yana taɓa ki. Ki dinga samun fita ko da bayan la'asar ne ki ga sararin sama, in kuma kin ji ƙuncin yana ƙaruwa baki iya barci baki son abinci, ki gaya wa maigidan ki ga likita, ba abin kunya bane.

Yadda zaki dinga bada ruwa: ki manta da ranaku, ki samu tsinken tsire ki soka har ƙasan tukunya ki zaro. In ya fito da danshi ƙasa ta manne masa ki ajiye butar. Jildin namir da zamiya sai tsinken ya fito a bushe ƙarau, botos kuma in saman ƙasar kamar gaɓar yatsa biyu ya bushe ya isa. In zaki bayar ki bayar sosai har ya fito ta hujin ƙasa, ki barshi ya tsane a sinki, ki zubar da wanda ya taru a faranti. Ɗan yayyafi kullum shine mafi sharri. Ki sayi farin tsakuwan nan marasa nauyi da ake kira birlait ki gauraya da bitmos ɗin, kamar kashi ɗaya cikin uku, ga jildin namir ma har rabi, don ruwa ya dinga wucewa. Kar ki ɗauki babbar tukunya wa ƙaramar shuka da sunan ta samu wurin sakewa, ƙasa mai yawa ruwa mai yawa take riƙewa. Ruwan famfon Jidda na teku ne da aka tace, yawanci yana yi musu, amma in kin ga bakin ganye yana ƙonewa ko wani farin gishiri-gishiri yana taruwa a saman ƙasa to ga ruwan da mukayyif yake ɗigarwa, da danshin garin nan ai ba'a rasa shi, ki tara a bokiti ki basu, ba dai na sha bane, kuma ki ɗauke bokitin daga inda yarinya zata kai. Sauran shayi da garin gahawa da ruwan wankin shinkafa da ake ta yaɗawa a WhatsApp ki rabu da su, a ɗaki mara rana ƙananan ƙudajen nan baƙaƙe kawai zasu tara miki. Taki ma kaɗan, rabin abinda aka rubuta a jikin kwalba, sai in kin ga tana fidda sabon ganye, shukar da bata da lafiya ba'a bata taki.

In akwai wadda bata ƙarasa mutuwa ba cikin na yanzu, ki zare ta daga tukunya ki duba. Saiwa mai lafiya fara ce da ƙarfi, ruɓaɓɓiya baƙa ce tana narkewa a hannu tana wari. Ki yanke ruɓaɓɓun da almakashi mai tsabta ki canja ƙasa, amma in ful ne ko wardi ki bai wa mai baranda ko tsakar gida kawai, a wurinki wahala zata ci gaba da sha.

Falon kuma in kin auna kin ga babu komai, fitila ce maganinsa, kuma ba sai mai launin shuɗi da ja ɗin nan da ke sa ɗaki ya koma wani iri ba. Ƙwan LED fari na gida, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, mai wat 10 zuwa 15, ki sa shi a fitilar tebur mai lanƙwasa wuya ya zama tsakaninsa da ganye kamar santimita 30, ya yi awa 12 a kunne. Fitilar silin bata wadatarwa don tayi nisa. Ki haɗa da ɗan taima na soket ya dinga kunnawa da kashewa da kansa, da dare a barta ta huta. In maigida ya tambayi kuɗin wuta ga lissafin: wat 10 awa 12 kullum a wata kilowat 3.6 kenan, a farashin gida na halala 18 kowane kilowat, ko riyal ɗaya bai kai ba. Wata dabarar kuma ki samu tukwane biyu, ɗaya a tagar kicin ɗaya a falo, duk sati ko sati biyu ki musanya su. Abinda ba'a yi shine ki ɗauki shukar da ta saba da ɗaki ki kai ta rana tsaka wai ta sha rana, awa ɗaya ta ranar Jidda ta isa ta dafa ganyen. Ki kuma dinga goge ganyen da tsumma mai ɗan danshi, ƙura da hayaƙin turaren wuta suna kwanciya a kai su tare ɗan hasken da ake taƙama da shi, kuma ruwa kawai, banda mai banda madara.

Ita kuma Hajiya ki bi ta a hankali, ba'a gyara wa suruka magana a gaban ɗanta. Akwai ƙanshin gaskiya a abinda ta faɗa, shuka tana shaƙar iskar oksijin da dare, amma abinda tukunya biyu ko uku zasu shaƙa bai kai ko kusa da na mutum ɗaya da ke barci a ɗakin ba. In hankalinta bai kwanta ba ki barsu a falo da kicin, dama can ɗakin barcin naki babu haske, kinga an rabu lafiya. Haka kuma kar ki yarda da masu cewa shuka tana tace iskar ɗaki har ki je kina yi wa maigida talla da wannan. Maganar ta samo asali ne daga wani gwaji da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a 1989, a cikin akwatuna rufaffu aka yi shi, a gida na gaske buɗe taga ya fi tukwane goma aiki. Ki ajiye su don suna sanyaya miki rai, wannan dalilin ya isa.

Abinda ya kamata Hajiya ta ji tsoro ma shine yarinyar. Botos da zamiya da aglonima duk suna da wasu ƙananan tsinaye a cikin ruwan jikinsu da ido baya gani, in yaro ya tauna bakinsa zai yi zafi ya kumbura yayi ta dalalar da yawu, jildin namir kuma tana sa amai da gudawa. Akwai wata mai faɗin ganye da fari a tsakiya, difinbakiya, ana yawan sayar da ita don tana jure ɗaki, ita kam kar ma ta shigo miki gida yanzu, tafi sauran tsanani. Ki ɗora komai a sama, kan kanta ko saman firji in akwai haske, ki dinga naɗe yaɗon botos kar ya sauko inda zata ja, ganyen da ya faɗi ki tsince da wuri. In ƙaddara ta sa ta tauna, ki cire abinda ke bakin ki wanke mata, ki kira 937 na ma'aikatar lafiya su gaya miki abin yi, in kuma kin ga harshe yana kumbura ko numfashi yana mata wuya to asibiti kai tsaye ko ki kira motar asibiti a 997. In kina son wadda babu wannan fargabar ki nemi mai siraran ganye kamar ciyawa da take sako 'ya'ya suna reto, ana ce mata ankabut, bata da guba, sai dai tafi son kusa da taga.

Ranar da zaku tafi gida hutu, jildin namir da zamiya ki basu ruwa sau ɗaya ki tsane su ki tafi abinki, wata guda ba zai musu komai ba, ki dai janye su daga jikin gilashi tunda mukayyif zai kasance a kashe gidan zai ɗau zafi. Botos ki kai wa maƙwabciyar da ta baki reshen.

Na'a-na'a da raihan ɗin da ranki yake so kuma ban ce ki cire rai ba, wuri ne dai ba falo ba. Ki sa maigida ya tambayi haris, mai gadin ginin, ko ana barin mutane su ajiye abu a saman imara. In an yarda ki jira zafi ya sauka, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, ki sayo ɗaurin na'a-na'a na shayi a baƙala, shagon kayan masarufi, ki zaɓi masu ƙarfin kara ki tsoma a ruwa kamar yadda na faɗa miki na botos, in sun yi saiwa ki dasa a bokitin da kika huda ƙasansa. A can sama kam ki basu ruwa kullum yadda Umma take yi.